Inda Fuskar Injiniya Ta Kalla

Jirgi ya sauke ni a Helsinki da hantsi, ranar wata Talata cikin kaka. Ina sanye da rigar sanyin da na saya a gwanjo, ina riƙe da jaka ɗaya, da takardar otal, da lambar wani mutum da aka ce zai tare ni. Shekarata hamsin da takwas a lokacin, kuma in ban da neman biza da ya kai ni Abuja, ban taɓa yin nisa da Kano ba.

Sunana Sule. Sana'ata gyaran rediyo da amfilifaya da sifika. Shagona yana Gyadi-Gyadi, gidana yana Tarauni. Abin da ya kai ni ƙasar Finlan kabari ne. Ɗana na fari ya rasu a can wata bakwai kafin zuwana, motar da yake ciki ce ta zame a kan ƙanƙara. Karatun lantarki ya je yi a wani ƙaramin gari can arewa. Ni da mahaifiyarsa ba ma kiran sunansa, kamar yadda aka saba da ɗan fari. Tun yana sakandare mutanen layinmu suke ce masa Injiniya, mu ma muka bi su.

An binne shi ba ma nan. Abin da ya iso mana hoto ne guda ɗaya a waya: wasu ƙartin Turawa su shida, gashi har gadon baya, baƙaƙen kaya, na gabansu da zanen tawada a fatar wuyansa, sun ɗauko akwati a cikin ƙanƙara. Kafin a yi sadakar bakwai hoton ya zaga unguwa. Ba wanda ya faɗa mini a ido, amma magana ba ta rasa hanyar shigowa gida. An ce ƙungiyar asiri ya shiga. An ce ba binnewar Musulmi aka yi masa ba.

Mai ɗakina ba ta yi kuka a gaban mutane ba, don ɗan fari ne. Sai dai ta daina zuwa biki da suna, ta daina leƙa ƙofar gida. Ranar da biza ta fito ta ce mini, "Malam, ba tsaraba nake so ba. Ka dubo mini ina fuskarsa ta kalla."

Akwai wata mace a cikin abokansa, Hanna, da ta sha turo saƙo ta wayar 'yata Zainab. Ta ce an yi masa komai yadda addininsa ya ce. Ta ce in zan zo, su za su ɗauke ni daga filin jirgi. Na ce me ta sani game da addininsa? Na ƙi. Na gwammace in bi ta hannun wani mai shirya tafiye-tafiye da aka haɗa ni da shi a majalisa, shi ya ba ni takardar otal da lambar nan.

Na jira a filin jirgin har azahar ta wuce. Lambar ba ta shiga. Na tambayi hanya, na hau jirgin ƙasa zuwa cikin gari, na yi ta nuna wa mutane takarda har na sami otal ɗin. Yarinyar da ke kan tebur ta duba na'urarta sau biyu, ta kira wani babba, shi ma ya duba. Cikin ladabi suka ce mini ba su san da zuwana ba, takardar ma ba tasu ba ce.

Na koma tashar jirgin ƙasa na zauna a kan benci, na sa jakata tsakanin ƙafafuna. Mutane suna wucewa, ba mai kallon kowa. Ba wulaƙanci ba ne, haka suke, amma ranar ban san haka ba. Na ciro carbi don in sami abin riƙewa. Carbin ne ya jawo mini wata mata 'yar Somaliya mai goge daɓen tashar. Ta jingine abin gugarta, ta yi mini sallama. Turancina na firamare ne da wanda na tsinta a jikin takardun rediyo, nata ma bai fi haka ba, saboda haka muka fahimci juna sarai. Ta karanta takardar, ta yi tsaki, ta tafi ta dawo da shayi mai zafi a kofin takarda.

"Baba, ba ka da wata lambar?"

Ina da ita. Zainab ta rubuta lambar Hanna a 'yar takarda ta cusa mini a cikin fasfo, duk da na ce kar ta yi. Na miƙa wa matar ba tare da na kalle ta ba. Ita ta kira, ita ta yanko mini tikitin safe, ita ta raka ni wani masauki mai sauƙi a bayan tashar. Ban tambayi sunanta ba, abin yana damuna har yau. A ɗakin na leƙa taga na ga inda rana take faɗuwa, na juya mata baya, na rama sallolina.

Tafiyar jirgin ƙasa zuwa arewa ta ɗauki kusan yini guda. A cikinta ne zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa a gida ba a lokacin.

Shekarar da Injiniya ya gama sakandare, an kawo mana amfilifayar masallacin layinmu. Na bar masa ya gyara, na tafi Sabon Gari sayen kaya. Na dawo tare da Alhaji Garba na kwamitin masallaci, wanda ya zo karɓa. Muna kawowa kwanar shago muka ji kamar an kunna injin niƙa goma a lokaci ɗaya. Gwaji yake yi da kiɗan nan nasa na Turawa da ake kira metal. Alhaji Garba ya tsaya cak, ya ce, "Malam Sule, a amfilifayar kiran salla?"

Na shiga na zare memorin da kiɗan yake ciki, na faɗa masa maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, shi ne yake fito da laifin sifika. In ta ɗauki wannan, ba abin da ba za ta ɗauka ba." Ban saurare shi ba. Na jefa memorin a gwangwanin ƙusoshi, bai ƙara tambayarsa ba.

Bayan rasuwarsa na zazzage gwangwanin na nemo shi. Shaida nake nema. Na ce in akwai shaiɗan a cikin abin nan, zan ji shi da kunnena. Kullum in na rufe ƙofa ɗaya ta shago bayan la'asar sai in sa iyafis in saurara. Sati na farko kaina ya yi ciwo. A sati na uku na tsinci kaina ina jiran wani wuri a cikin wata waƙa.

Ita na kunna a jirgin. Farkonta ba hayaniya ba ce. Sarewa ce ita kaɗai, a hankali, kamar makiyayi daga nesa. Sai taron masu goge irin na Turawa su shigo, su ɗauki abin da sarewar ta faɗa su faɗaɗa shi. Kana sakin jiki sai ganga ta faɗo. Mai gangar yana duka da ƙafa biyu ban da hannuwa, bugun yana zuwa a jere kamar keken tela ranar jajiberen salla. Jita kuma, wato garayar Turawa, an matse muryarta a amfilifaya har ta yi kaushi. A shagona wannan laifi ne da ake kawo mini in gyara, su kuwa da gangan suke nemansa, sun kuma san iya inda za su tsaya. A saman wannan duka sai muryar mutum ɗaya ta tashi, tas da ita, ta yi sama har ka ji tsoron za ta tsinke, amma ba ta tsinkewa. Can kuma sai muryoyi masu yawa su amsa mata.

Abin da ya kama ni tsarin ne. Wanda bai sani ba in ya buɗe bayan rediyo zai ga kamar an watsa wayoyi ne kawai, alhali kowace tana da inda ta fito da inda za ta. Haka kiɗan nan yake. In ka kama bugunsa da ƙafa sai ya kuɓuce maka, ka ƙirga huɗu ya koma bakwai, ka koyi bakwai ɗin ya tsaya cik. Waƙa ɗaya takan kai minti goma sha biyu, kuma sarewar farko sai ta dawo a ƙarshe, amma ba yadda ta tafi ba. Ta taga ina ganin daji da tafki, daji da tafki, itatuwa masu farin jiki, ba gida ba mutum. Sai na ga kamar don wannan ƙasa aka yi shi. Na ji daɗinsa, na kuma ji kunyar jin daɗin, don ban san ko shi ne ya raba ɗana da salla ba.

Mu huɗu muka sauka a tashar garin. Nan take na gane mai zane a wuya, shi ne na gaba a hoton. Ya fi ƙofar shagona tsawo. Ya nufo ni, na ƙara riƙe jakata. Da ya iso sai ya durƙusa har ƙasa, gwiwarsa ta yi ƙara, ya ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Baba."

Sunansa Tomi, shi ne mai ganga, aikinsa kuma tuƙin katafila. Hausarsa ke nan gaba ɗaya, sai "yaji" da "wallahi". Hanna tana bayansa, 'yar siririya da tabarau, malamar makaranta ce, ita ce mai waƙa. Ta ce Injiniya ne ya koya musu yadda ake gaida babba, Tomi kuma kwana biyu yana gwadawa. Ban yi dariya ba. Na ce su kai ni maƙabarta. Suka ce an kusa rufewa, sai da safe.

A gidan mahaifiyar Tomi aka sauke ni. Tsohuwar ba ta jin Turanci, sai dai ta yi ta tura mini faranti: baƙin burodi mai tsami, kifi, dankali ba gishiri sosai. Na barbaɗa yajin da na zo da shi. Garin shiru, ba hon, ba mai talla, ba kiran salla. Ban taɓa sanin kunnena ya saba da ƙarar Adaidaita ba sai da na rasa ta.

Da safe Tomi ya kai ni. Maƙabarta ce mai tsabta, kaburbura a layi kamar an ja zare, ga furanni. Nasa yana can ƙarshe, kusa da shinge, shi kaɗai. An kafa allon katako da sunansa a wajen kai. Na tsaya a nan, na ɗaga ido, sai rana ta haske mini fuska daga wajen ƙafafunsa.

A Kano ba sai an koya wa mutum yadda kabari yake kwanciya ba: kai kudu, ƙafa arewa, fuska gabas. Ko barci ba ma yi da ƙafa a miƙe gabas. Ga ɗana an sa kansa yamma, an miƙe ƙafafunsa inda rana take fitowa. Ga shi kuma a karkace, bai ma bi layin sauran ba, kamar ramin da aka haƙa cikin gaggawa. Na yi masa addu'a a haka.

Tomi ya ce, "Ya yi, Baba?"

Na ce, "Mu tafi."

Da rana mai ɗakina ta kira. Ta ce, "Malam, ka gani?" Na ce, "Ban kai ga wurin ba tukuna, akwai takardu." Shekara talatin muna tare ban taɓa yi mata irin wannan ƙaryar ba. Kwana biyu na yi ban fita ba. Ina ta tunanin yadda ake neman izinin tone kabari a ƙasar da ban san kowa ba, da Turancin da bai wuce na bayan rediyo ba. Tsohuwar takan ajiye faranti a bakin ƙofa ta tafi.

A rana ta uku Hanna ta zo ta ce akwai akwatin kayan aikinsa a ɗakin da suke gwaji, ya kamata in karɓa da hannuna. Na bi ta don in gama da su.

Tsohon sito ne a bakin gari, an manna katifu a bango. Su biyar na tarar, har da wani Lauri mai gemu ja. Injiniya ba ya kiɗa, ashe. Shi ne mai haɗa musu sauti, shi yake zama a kan na'urar da ake daidaita muryar kowa. Ban san lokacin da na juya wata amfilifaya na leƙa bayanta ba. Na ga ɗigon dalma ƙanana masu sheƙi, na ga an ɗaure wayoyi uku-uku da zare, an bar musu ɗan lanƙwasa don kar su ja. Ɗaurina ne. Ba wanda yake yin haka sai wanda ya zauna a bencina.

Azahar ta yi. Na yi alwala a banɗakinsu, na shimfiɗa dardumata, na fuskanci bangon da na lissafa rana ta fito ta bayansa. Na ɗaga hannu ke nan Hanna ta ce, "Baba, yi haƙuri. Shi ba nan yake kallo ba."

Na sauke hannuna. Ta nuna wani lungu da na lura tun shigowata ba komai a cikinsa, duk da ɗakin a cunkushe yake. Lauri ya ɗaga wani ɗan kafet. A kan daɓen an manna shuɗin salatif, dogo, an yi masa kan kibiya. A jikinsa an rubuta alƙibla da biro. Rubutun ɗana ne, na san yadda yake lanƙwasa ƙa ɗinsa. Kibiyar kudu ta nuna, ta ɗan karkata hagu.

Na ce, "Wannan kuskure ne. Alƙibla gabas take."

Hanna ba ta yi musu ba. Ta buɗe taswirar duniya a waya, ta ce in sa yatsa a Kano. Na sa. Ta nuna mini Makka, tana dama da yatsana. Ta ja taswirar zuwa ƙasa, ta yi ta ja, har muka zo inda muke tsaye. Ta ce, "To yanzu ina take?"

Tana ƙasa. Kudu.

Ni da na yi shekaru ina hawa rufin mutane ina juya musu dish, na san inda za ka nufa ya danganta da inda kake tsaye. Na sani a kan rufi, ban taɓa kawo shi kan darduma ba, don ban taɓa barin inda gabas take daidai ba. Kwana biyar ke nan ina salla ina kallon wata ƙasa daban.

Tomi ya ce, "Da wannan muka auna, Baba." Ya ce ya ɗora kamfas, abin nan mai nuna kudu da arewa, a kan salatif ɗin, ya rubuta lambar a bayan hannunsa, ya tafi maƙabarta. Mai kula da wurin ya ce kabari sai ya bi layi. Tomi ya ce wannan ba zai bi ba. Suka yi ta ja har aka ba su can gefen shinge, inda karkatarsa ba za ta ɓata wa kowa layi ba. Ƙasa ta daskare kamar siminti, sai da suka kwana suna gasa ta da na'ura, sannan ya haƙa da kansa.

Lauri ya ce, "Ai dole mu san wurin nan. Muna tsakiyar waƙa sai kawai ka ji sauti ya ɗauke. Ka waiga, ya tafi lungunsa."

Hanna ta ce, "Sau ɗaya ya kashe mini makirfo ina kan dogon numfashin da na yi wata guda ina nema."

Tomi ya ce, "Ni har sanda na taɓa jifansa da ita. Ya idar da sallarsa, ya miƙo mini, ya ce daman ina gudu fiye da kowa, in huta."

Suka yi dariya. Na ja dardumata na ɗora a kan salatif ɗin. Na daɗe a sujadar ƙarshe. Ba wanda ya motsa a ɗakin har na sallame.

Bayan nan Tomi ya kira wani limami ɗan Maroko da ke wani babban gari, ya ba ni wayar. Limamin ya ce shi ya yi masa wanka da mutum biyu, shi ya sa masa likkafani, shi ya ja sallar. Akwati dokar wurin ce, amma a cikinsa a kan gefen dama aka kwantar da shi, aka tokare bayansa. Ya ce a can gawa takan yi sati biyu ko uku kafin a binne, waɗannan masu gashin ne suka yi ta zirga-zirga a ofisoshi har aka sallame shi da wuri, su kuma suka yi tuƙin awa huɗu cikin ƙanƙara suka ɗauko shi, shi limamin. Ya ce da ya iso ya auna ramin da nasa kamfas ɗin, bai sami abin gyarawa ba.

Muka koma maƙabarta da la'asar. Na tsaya a bayansa, na kalli inda yake kallo: shinge, sai itatuwa, sai sama. Daga nan na kira gida. Na ce, "Na gani. Daidai yake. An yi masa wanka, an yi masa salla." Mai ɗakina ce ta ɗauka. Sai na ji ta ce, "Alhamdu lillahi." Daga nan Zainab ta karɓi wayar, ta ce Umma ta shiga ɗaki.

Ana gobe zan tafi, ni na roƙe su su yi mini kiɗa. Na tambayi Hanna sunan irin nasu, ta ce dogo ne: simfonik firogiresif fawa metal. Ta ce na farko shi ne taron masu gogen nan da muryoyi masu yawa, na biyu shi ne bugun da ba ya zama wuri ɗaya, na uku gudu da muryar da take tashi sama. Sannan suna zuba kiɗan kakanninsu a ciki. Na tambaye ta me suke faɗa a waƙar. Ta ce labarin wani mutum ne da sanyi ya tare shi a hanya, yana neman komawa gida kafin uwarsa ta cire rai.

Na zauna a kujerar Injiniya. Ji a iyafis daban, ji a ɗaki daban: gangar Tomi a ƙirjina nake jin ta. Lauri ya ɗauko wani ɗan akwatin katako ya ɗora a cinya yana goga shi da baka. Tsarkiyarsa gashin doki ce, kamar gogenmu, kukansa ma kusan ɗaya. Muryar da ta fito daga 'yar siririyar malamar nan kuwa, har yau ban san inda take ajiye ta ba. Na ji jita ta ɗan danne ta, hannuna ya kai kan na'urar da kansa ya rage. Hanna ta kalle ni, ta ci gaba.

A tsakiyar waƙar komai ya ɗauke. Sai wani sauti ya fito daga sifika shi kaɗai: dum, dum, tafi, dum. Lugude ne. Taɓarya biyu a turmi ɗaya. Kuma na san turmin, don yana da tsaga a gefe, yana ba da wata 'yar ƙara a bugu na biyu. Ashe ranar da mahaifiyarsa da ƙanwarta Ladi suke daka masa yajin tafiya, ya ɗauka a waya. Gogen Lauri ya shiga a kan luguden, sai ganga, sai kowa da kowa, har ɗakin ya cika.

Da suka gama Tomi ya share gumi ya ce, "Wata uku ina koyon bugun nan. Mata biyu da itace, ni hannu biyu ƙafa biyu, wallahi ban kamo su ba."

Ranar na yi dariya.

Na dawo Kano da akwatin kayan aikinsa da memori sabo. Na je majalisa na faɗi abin da na gani, sau ɗaya, ban ƙara ba. Wanda ya cuce ni da takardar otal na bar shi da Allah. Ni ba malami ba ne, ban ce kowa ya saurari abin da nake saurara ba. Amma yanzu da shi nake gwada sifika, ban da ta masallaci. Alhaji Garba in ya wuce yakan ce, "Malam Sule, injin niƙan ne?" In ce, "Shi ne, Alhaji. Kawo taka in ta isa."

Ranar da na iso gida, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, mai ɗakina ta ce in nuna mata. Na ɗauki tsinke na yi ɗigo uku a ƙasar tsakar gida. Na ce nan mu ne, nan Makka, can sama shi ne. Na ja layi daga namu, na ja daga nasa.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe kudu ya kalla."

Na ce, "Kudu."

Ta sa yatsa inda layukan suka haɗu. A satin ta je suna a Daurawa.

Sai da aka yi wata biyu sannan wata rana da yamma, ina gyaran wata rediyo a tsakar gida, ta ce, "Wai abin nan da yake ji, yana nan?" Na kunna mata, na rage murya. Ta yamutsa fuska da ganga ta faɗo, amma ba ta tashi ba. Da aka zo wurin da komai yake ɗaukewa sai ta ajiye tiren shinkafar da take tsincewa.

"Wannan ai turmina ne."

Na ce, "Shi ne."

"Ji Ladi, kullum sai ta makara da tafi." Ta kai bakin mayafinta ido, ta sauke. Muka saurara har sarewar ƙarshe ta yi shiru.

Ta ce, "Mayar da shi baya, Malam."

Na ce, "Wajen luguden?"

Ta ce, "A'a. Tun daga farko."